Jimina Ta Haɗiye Bindiga

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu sha labari.

Giwa ta hana shiga masaƙarta da bindiga. Jimina masaƙiya kuwa tsoron Kura take, sai ta haɗiye tata ta tafi aiki.

Ana cikin saƙa shaƙuwa ta kama ta. Tau! Bindigar ta tashi, ɗankwalin Giwa ya yi sama.

Giwa ta ce, "Wa ya shigo da bindiga?"

Jimina ta ce, "Ba ni ba ce, ranki ya daɗe." Tau!

Biri ya ce kowa ya haɗiyi tasa don kare kai. Kunkuru ya ce a'a, shaƙuwar za a haramta. Akuya ta ce maganin shaƙuwa a razana mai ita.

Giwa ta ce, "Madalla. Wa zai razana ta?"

Har yau suna kwance rub da ciki, ba wanda ya motsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya ƙare ta.