Gadon Inna Tumba da 'Ya'yan Laima

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta iso mu ji ta, Baba."

"To ku yi shiru. In na ɗaga hannu ku amsa. Ba na maimaitawa."

Ranar wata Laraba ce, tsakiyar damina. Ana ruwa tun asuba, ba ƙarfi, ba ɗaukewa.

A wani ƙauye bakin gulbi akwai wani masunci, sunansa Makau. Ba shi da kowa a duniya sai tsohuwarsa, Inna Tumba. Ita kuwa ga sanyin ƙashi, ga tari. Tun farkon damina mai magani ya duba ta, ya ja Makau gefe ya ce, "Ka ji da kyau. In tsohuwar nan ta cika kwana bakwai a ƙasa cikin daminar nan, sai dai ka nemi masu haƙa."

To, a wannan Larabar da safe Inna tana zaune bakin gado tana shan kunu, sai ɓaras! Gado ya durƙusa. Ita can, ƙwarya can.

"Kai ɗan nan! Gado ka yi mini ko tarko?"

Makau ya ruga ya ɗaga ta. Ya duba ƙafafun gadon. Daga waje lafiya lau. Ya danna da yatsa, yatsa ya shige, ciki duk gari. Sai ya ji wata 'yar murya tana waƙa daga ƙarƙashin daɓe.

"Gadon tsohuwa na wa?"

"Namu ne!"

"Wa ya ci ƙafa?"

"Gara ce!"

Inna ta kwana biyu a ƙasa. Makau ya shiga daji cikin ruwa, ya saro ɗanyen itace, ya je kasuwa ya samo ƙusoshi manya-manya. Ya buga gado, ya dawo da shi inda na farko yake, jingine da bangon gabas. Ya ce, "Wannan kam sai giwa."

Ba a jima ba, wata rana da azahar Inna ta miƙe za ta ɗan huta, sai ɓaras! Katako ya rabu da katako. Makau ya zaro ƙusa ɗaya, ta yi ja wur, ya murza ta ta ruɓushe a hannunsa.

"Gadon tsohuwa na wa?"

"Namu ne!"

"Wa ya ci ƙusa?"

"Tsatsa ce!"

Inna ta sake kwana biyu a ƙasa. Huɗu ke nan. Tari ya ƙaru. Makau ya yi gado na uku, ya saƙe tsakiyarsa da igiyar kaba, ya shimfiɗa tabarma biyu a kai. Ya ƙara tura shi jikin bango don kada ya motsa.

Wannan karon wari ne ya fara. Sannan wani fari-fari ya fito jikin katako, ya koma kore, ya koma baƙi. Wata safiya Inna ta yi atishawa, sai ɓaras! Igiya ta tsinke, ta zurma ta tsakiya, ƙafafu a sama.

"Gadon tsohuwa na wa?"

"Namu ne!"

"Wa ya ci igiya?"

"Funfuna ce!"

Inna ta kwana biyu a ƙasa. Shida ke nan. Saura ɗaya.

Gari ya waye. Makau ya ji tarin Inna ya sauka can cikin ƙirji. Ya ɗauke ta ya kai ta rumfa, ya lulluɓe ta. Ya koma ɗaki ya zauna a daɓe, ya tallafe haɓa. Ya san in ya sake yin gado irin na jiya, irin na jiya zai samu. Sai ya yi wata dabara. Ya ƙwanƙwasa daɓe sau uku.

"Salamu alaikum, masu gida."

Can sai Gara ta leƙo da farin kanta. "Wa ke kiran mu masu gida?"

"Ni ne, Makau. Na sallama. Gado uku na yi, uku kuka cinye. Wanda ya cinye gado uku ai shi ne mai gida. Yau zan yi na huɗu, naku ne, walima. Amma kunya nake ji kada in sa abin da ba kwa ci."

Tsatsa ta fito daga cikin wata tsohuwar ƙusa. Funfuna ta gangaro daga bango. Tsatsa ta ce, "Yaya, kada ki yi magana da shi. Mai kama kifi ne."

Gara ta ce, "Ke rufe mana baki, jar banza. Mutum zai yi mana abinci kina kore shi? Makau, ka ji. Ni ɗanyen itace nake so, mai taushi, rimi ko makamancinsa. Kada ka kuskura ka kawo mini maɗaci, ɗacinsa har ƙwaƙwalwata. Kuma ka dasa ƙafar a ƙasa sosai. In ka ɗora ta kan dutse wahala nake sha, in akwai toka kuwa ko kusa ba na zuwa."

Makau ya ce, "Allah ya kiyaye. Ke fa, 'yar ja?"

Tsatsa ta yi fuska. Ta ce, "Ba na faɗa."

"To shi ke nan. Sai in bai wa Gara rabonki."

"A'a, tsaya! Ƙarfe. Ka sa ƙarfe da yawa. Inda babu ƙarfe ni ba ni da wurin zama."

Funfuna ba ta jira an tambaye ta ba. Ta ce, "Ni dai lungu da duhu. Ka matse shi da bango, ka cusa tsummoki a ƙarƙashi, kada ka shafa masa mai. Amma Makau, mu duka ba ma zuwa wuri sai Iyarmu ta riga mu."

"Wace ce Iyarku?"

Sai gindin randar da ke kusa da kan gadon Inna ya yi duhu. Wata mata ta taso daga nan, ba ƙafa, ba ƙashi, jikinta sanyi ƙalau. Laima ce, danshin nan da ke kama ɗaki da damina. Ta dubi 'ya'yanta ta ce, "Sakarkaru. Ya tatse ku kamar saniya." Ta juyo kan Makau. "Ni ba a yi mini wannan."

Makau ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ke ba ni da abin tambayarki. A gari cewa ake 'ya'yanki ke aikin. Ke tsufa ya kama ki, bin su kawai kike kina lasar kwano."

Laima ta kumbura har ta kai rabin bango. "Ni? Ni ke bin su? Wa ke jiƙa wa Gara itace? Wa ke buɗe wa Tsatsa ƙarfe? Ƙofa uku gare ni a ɗakin nan. Ina tasowa ta daɓe in hau ƙafar gado. Ina ratso bangon gabas, inda ruwa ke duka, in sami gado a jingine in kwanta a kai. Ina tsattsafowa daga randa dare da rana. Abokan gabata biyu ne, Iska da Rana, kuma ba sa shigowa nan. Ka san dalili?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Tsohuwarka. Ita ta toshe taga da tsumma. Ita ta ajiye randa kusa da kanta. Ita ke yayyafa mini ruwa kullum safe kafin ta yi shara. Mai gadina ce, 'yar aikina ce. Na faɗa maka duka, sai me? Je ka ce mata ta cire tsumman nan in ka isa."

Ta yi dariya, ta koma gindin randa. 'Ya'yanta suka bi ta.

Makau ya san ba ƙarya ta yi ba. Ya fita rumfa ya durƙusa.

"Inna, a fitar da randar nan waje."

"Randata? Tun kafin a haife ka take nan. In ƙishi ya kama ni kai za ka zama randa?"

"To a buɗe taga."

"Ka gaji da ni ne? Iska kake so ta ƙarasa ni?"

"To a daina yayyafa ruwa."

"Ka ji ɗan yau. Uwata ta yayyafa, kakata ta yayyafa. Tashi ka ba ni wuri."

Makau ya tashi. Ya yi taku uku, ya tsaya, ya ce kamar da kansa yake magana, "Ashe gaskiyarta."

"Gaskiyar wa?"

"Ba komai, Inna."

"Na ce gaskiyar wa?"

"Laima ce. Wai ke 'yar aikinta ce. Wai ke kike mata gadi, ba ki isa ki taɓa tsumman nan ba sai da izininta."

Tarin Inna ya tsaya. Ta ce, "Miƙo mini sandata."

Ta dogara, ta shiga ɗaki tana ɗingishi. "Ni Tumba? Ni da ko surukata ban yi wa gadi ba?" Ta zura sanda ta zunguro tsumman taga, ya faɗo da ƙura da kyankyasai. Ta nuna randa. "Fitar da ita! Tun yaushe nake cewa a fitar da ita?"

Makau ya rungumi randa ya kai ta tsakar gida.

Saura itace. Cikin damina ina za a sami busasshen maɗaci? A bayan gida, ƙarƙashin rumfa, akwai tsohon kwalekwalen ubansa, a kife kan duwatsu. Da maɗaci aka sassaƙa shi. Ya tsage, ya daɗe bai taɓa ruwa ba, ya bushe ƙayau. Makau bai taɓa yarda kowa ya zauna a kai ba. Ya dafa shi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ka ɗauke ni a ruwa, yau ka ɗauki Inna a tudu." Ya ɗaga gizago.

Ya sassaƙa tun hantsi. Bai ci ba, bai sha ba. Ya huda ramuka, ya feƙe 'yan itatuwa ya buga su a madadin ƙusa. Ya shafe ko'ina da man kaɗe, har igiyar da ya saƙa a tsakiya. Ya samo faffaɗan duwatsu huɗu daga bakin gulbi, ya ɗora kowace ƙafa a kan ɗaya, ya zagaye su da toka. Ya janye gadon daga bangon gabas kamu biyu. Ya share ƙarƙashi fes, ko tsinke bai bari ba. La'asar ta yi, ya ɗora Inna a kai.

Sai ga su.

Gara ce gaba. Ta taka toka ta yi tsalle. Ta daure ta hau dutse da ƙyar, ta gantsara wa ƙafar gado cizo. "Wayyo bakina! Maɗaci ne! Makau, ka cuce ni!"

"Haba, ai ke kika zaɓa."

Tsatsa ta bi gadon daga kai har ƙafa. "Ina ƙusar? Ina ƙarfen? Ko allura babu?"

"Na manta, 'yar ja. Sai wata shekarar."

Funfuna ta nemi lungu ta rasa. Ta hau katako, mai ya zame da ita, ta faɗo tim.

Sai Laima ta taso da fushi. Ta biyo daɓe, dutse ya tare ta. Ta ratso bango, ta miƙa hannu, gado ya yi mata nisa. Ta juya wajen randa, ba randa. Daidai lokacin hadari ya tsage. Rana ta leƙo ta taga ta ce, "Wa nake gani haka?" Iska ta shigo bayanta ta ce, "Tsohuwar ɓarauniya ce, riƙe mini ita!"

Laima ta ƙanƙance. Ta zama kamar tabarma, ta zama kamar faifai, ta zama kamar tafin hannu. Inna ta ɗaga sanda daga kan gado ta ce, "Wace ce 'yar aikin? Faɗi in ji!" Laima ta zurara ta ƙofa a guje, 'ya'yanta na biye suna kuka.

Inna da kanta ta ɗauki waƙar.

"Gadon tsohuwa na wa?"

"Nata ne!"

"Wa ya ci kunya?"

"Laima ce!"

Kwana na bakwai a ƙasa bai zo ba. Inna ta yi barcinta a sama, ɗaki a bushe, ƙirji ya saki.

Tun daga ranar Laima ba ta da wurin zama sai gindin randa a tsakar gida. Ku duba gobe, za ku gan ta. Gara kuwa ba ta ƙara tafiya a fili ba, sai ta gina rufi na laka ta bi ta ciki, don kunya. Abin da ke cin gado ba nauyin mai kwanciya ba ne, danshi ne. Ka kori uwar, 'ya'yan ba sa zama.

Washegari da safe Makau ya ɗebi ruwa a moɗa ya ajiye wa Inna kusa da hannu. Ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe bangon gabas ta waje, ya haƙa wa ruwa hanya. Sannan ya wanke hannu, ya saɓi tarunsa, ya gangara gulbi.

Ƙurunƙus, kan farar gara. Ku tashi, na gama.