Akori-kurar Malam Haladu

Ku gyara zama, don wannan labarin sai kun yanke masa hukunci kafin kowa ya tashi.

Malam Haladu bakanike ne a bakin tasha. Shekara arba'in ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, har baƙin mai ya zauna masa a farce. Amma duk Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai ya rufe gareji. Ya ɗora matarsa Ladidi a gaban tsohuwar akori-kurarsa, 'ya'ya uku a baya tare da koma da fatsa, su nufi ƙauyensu Kwarin Giginya, can ƙetaren gulbi. Shi ya kama kifi, ya harbo fakara, ita ta gasa. Abokansa na tasha suna yi masa tsiya, wai tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro sai Ladidi tana zaune a gefe. Shi kuwa ya ce gaskiya ne, sai me?

A can ƙauyen Ladidi ta rasu, a can aka rufe ta. Tun daga ranar maganarsa ɗaya ce ga 'ya'yansa, Mudi da Sahura da Lurwanu: "In tawa ta zo, ku kai ni kusa da uwarku."

Tasa ta zo da safiyar wata Laraba, a tsakiyar damina, bayan an kwana uku ana ruwa. Gulbi ya cika ya tafi da gada. Duk direban da aka tuntuɓa sai ya yi ta'aziyya, ya ce shi kam ba ya jefa motarsa cikin wannan ruwa. Baffa Ilu, wan mamacin, ya tura a haƙa kushewa a maƙabartar gari.

Sahura tana zaune cikin mata a tsakar gida ta ji hayaniya daga soro. Ta leƙa. Yayanta Mudi ne, tela mai sanyin hali, wanda tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga ido ya dubi Baffa ba. Ga shi a tsaye ya tokare ƙofar ɗakin da aka ajiye gawa, an gama wanka an sa likkafani.

"Kauce, Mudi. Gawa ba ta jira."

"Baffa, ka yi haƙuri, ba zan kauce ba."

"Ni kake gaya wa haka? Ni na yi maka huɗuba ran da aka haife ka."

"Na sani, Baffa. Amma ni ya riƙe wa hannu ya faɗa, sau uku. In za a ɗauke shi, sai dai a ɗauke ni tukuna."

Dattawa suka yi faɗa, suka yi lallashi, Mudi bai gusa ba. Ƙafarsa tana nan inda take. Daga ƙarshe liman ya raba gardama. Ya ce a yi sallar jana'iza bayan azahar. In an idar akwai motar da za ta ɗauke shi, a tafi da shi, in babu, a rufe shi a gari. Baffa Ilu ya amince, don ya san babu.

Motar da ta rage ita ce akori-kurar, wadda ta shekara biyu a bayan gida tunda idon Malam Haladu ya yi rauni, har kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Sahura ta miƙe daga cikin mata, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta jawo akwatin sufanu. Tun tana ƙarama ita ke miƙa wa Baba kayan aiki, kafin a yi mata aure ta iya kwance kafireta ta mayar. Wata gwaggo ta ce, "Yau ubanki ya rasu, ke kuma kina ƙarƙashin mota? Mijinki na waje fa."

"Gwaggo, kukan yana nan, zan yi shi gobe."

Ta aro batir, ta goge fulogai, ta sa aka hura tayoyi. Injin ya yi tari ya mutu, ya sake tari ya mutu. Ta kara sukudireba a jikin injin, ta ɗora kunne a kan mariƙinta yadda Baba ya koya mata, ta ce wa Lurwanu ya murɗa makulli. Mai ne ba ya hawa, famfonsa ya lalace, kuma babu lokacin neman wani. Sai ta ɗaure galan na fetur a kan rufin motar, ta zura tiyo daga bakinsa zuwa kafireta, ta zuƙi man da bakinta har ya gangaro, ta tofar. Ana cikin kabbara ta uku a ƙofar gida motar ta tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe bayan gida. Baffa Ilu ya yi sallama ya juyo, shi ya fara kama makara.

Sahura ce ta riƙe sitiyari, don da ta ɗaga ƙafa daga totur motar mutuwa take yi. Suka isa gulbi da la'asar. Ruwa ja ne, yana tafe da rassan itace, ƙafafun gada kawai suka rage. Mutanen da ke baya tare da makara suka ce a juya, wannan kuma ganganci ne.

Lurwanu, autansu, wanda ya bar aikin gari ya zama masunci, ya ce a bi shi. Ya kai su ta hanyar shanu, tafiya mai nisa ta cikin gonaki, har wani mashigi da shi da Baba suka sha ƙetarewa suna bin zabin daji. Ya tuɓe riga, ya sari gora, ya shiga. Baba ya koya masa cewa inda ruwa ya kwanta sumul, nan ne zurfi, inda yake yamutsewa kuwa dutse ne a ƙasa. Ya riƙa caka gorar yana tafiya da baya, ruwa har ƙirjinsa, yana nuna wa Sahura inda za ta ɗora kowace taya. Sau biyu ruwa ya kwashe masa ƙafa, sau biyu ya taso yana riƙe da gorar. A tsakiyar gulbin ruwa ya shigo har kan birki. Sahura ta daina kallon ruwan, ta zuba ido a kan hannun ƙanenta kaɗai, har tayoyin gaba suka kama yashin ƙetare.

Rana ba ta faɗi ba suka shiga Kwarin Giginya. Maza suka sauke makara suka wuce maƙabarta. Sahura ta tsaya a bakin gari, tunda mata ba sa bin gawa, ƙafarta a kan totur, ɗacin fetur a bakinta. Daga nan ta hango su sun sunkuya kusa da inda Inna take. Ta zare ƙafarta, injin ya yi shiru.

Da aka zo rabon gado, gida da gareji da gona kowa ya karɓi nasa yadda addini ya tsara. Sai motar. Baffa Ilu ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a huta. Su ukun suka ce sam, ba mai taɓa ta da guduma. Malamin da ke rabon ya ce to ɗaya ya ɗauka, a cire daga rabonsa. Nan fa aka tsaya.

Mudi ya ce da ya kauce daga ƙofar nan, da tun hantsi an rufe Baba a gari, motar tana can tana ɗaukar ƙwan kaji.

Sahura ta ce, "Yaya, wa'adi ka samo mana, na gode. Da ba ta tashi ba, da azahar ɗin nan za ka kauce da ƙafarka."

Lurwanu ya ce duk sun yi ƙoƙari, amma iyakar ƙoƙarinsu bakin gulbi ne, kuma Inna tana ƙetare.

Har yau motar tana gindin giginya inda Sahura ta kashe ta, makullin yana aljihun liman, ba wanda ya janye a cikinsu. To, ku da kuka ji yadda aka yi, a hannun wa liman zai sa makullin nan?