Mai Gidan da Fitilarsa Ta Mutu

Akwai wani mai gida, waya ɗaya ce ke kawo wuta gidansa da na maƙwabcinsa. Ran nan fitilar ɗakinsa ta mutu. Ya canja ƙwai, ba ta kama ba. Ya leƙa ta katanga, ga ta maƙwabci tana ci. Sai ya ce a ransa, "Lalle mutumin nan ya janye wutata."

Matarsa ta ce, "Maigida, ni fa ina jin ƙauri wajen soket ɗin nan."

Ya ce, "Ke ma sun saye ki da kununsu ke nan?"

Daga nan ya daina gaida maƙwabcin. A coci ma, lokacin sujada, ya sauya benci.

Da abin ya ishi maƙwabcin, ya kuma ji labarin fitilar, sai ya yi sallama, da sabon filogi a hannu. Mai gida ya tsaya a kansa, yana kallon yatsunsa kamar na ɓarawo. Ashe tsohon filogin ya daɗe da tsagewa, mai gida ya naɗe shi da roba, ya cusa tsinken ashana don ya riƙe. Maƙwabcin ya buɗe shi da bakin wuƙa. Ciki baƙi ƙirin, waya ta narke.

Ya ce, "Yayana, sai an yanke nan."

"Ka gani ko! Yanzu kuma wayata za ka rage!"

"Inda ya ƙone kaɗai. In na ɗaura sabo a kan ƙonanniya, labulenka zai kama wuta."

Ya yanke, ya fere bakin wayar, ya murza, ya ɗaure kowace a raminta. Fitila ta kama. Mai gida ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya iyali?"

To 'ya'yana, ga abin da misalin nan ke nufi. Wutar nan alherin Allah ce, bai taɓa janye ta ya ba wani ba. Filogin kuwa zuciyarka ce, inda kake manne da Yesu. In ka daina addu'a, ka lulluɓe zunubi da dabara, duhu ya zo, sai ka ce wane ne ya yi maka. Ba wane ba ne, ɗana, kai ne. Tuba yankewa ce, da zafi, amma gara ita da gobara. Wanda ka daina gaisarwa yana nan cikin ikilisiya. Kada ka bari sai shi ya zo ƙofarka.