Ƙwaryar da Ba a Ajiye Ba

Akwai wani mutum a wani gari na bakin fadama, wanda ya iya rubuta wa kwamfuta umarni. Da rani ya tsananta, masu lambu suka roƙe shi ya sa na'urar ta raba musu ruwan madatsa, domin faɗa ya ƙare.

Sai ya zauna ya jera gurabe. Kowane lambu da layinsa, kowace rana kuma da gurbinta a cikin layin. Bai rubuta komai a ciki ba, gama na'urar ce za ta lissafa ta cika. Iyaka kawai ya sa wa kowane gurbi: kada ruwa ya gaza abin da zai raya shuka, kada ya wuce abin da ƙasa za ta sha. Na'urar ta ba da amsa, ta ce babu rabon da ya fi wannan. Mutumin har da ɗaga kafaɗa.

Wata rana da tsakar rana barci ya ɗauke shi a gindin mangwaro. Ya ga gurabensa sun zama fararen ƙorai, suna lilo a kan iska har iyakar ganin ido, ruwa yana saukowa a hankali yana cika su. Can ƙarshen jerin wata tsohuwa tana tsaye ta tara tafin hannu, ruwan yana kauce mata.

Ya ce, "Iya, ina naki ruwan?"

Ta ce, "Ɗana, ai ba ka ajiye mini ƙwarya ba."

Ya farka, ya bi magudanar ruwa har ƙarshe. Bayan wata kuka, inda ya ɗauka lambuna sun ƙare, ya tarar da ɗan lambun wata gwauruwa, Iya Rifkatu, albasarta ta kwanta. Ya koma da gudu ya ƙara layi ɗaya. Na'urar ta ɗan tsakura daga na kowa, ruwa ya ishe su duka. Amma rabin albasar ya riga ya mutu.

Ma'anar wannan misali ita ce: na'urar ba ta yi mugunta ba, gurbin da aka buɗe mata kaɗai take cikawa. Haka muke, 'yan'uwa, abin kuwa yana ba ni tsoro. Muna yi wa waɗanda muke tunawa adalci, har mu yabi kanmu, wanda muka manta kuwa ko ƙaramin rabo ba ya samu. Ubangiji ya san kowa da sunansa. Yau kafin ka yi addu'a, ka tashi ka duba bayan kuka tun shukar tana da rai.