Makullin Gidan Otmar

Ku matso, ku bar wayoyin nan. Lokacin da nake koyon gyaran inji a Jamus, ina da gashi baƙi wuluk da haƙora cikakku, na zauna a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Wallahi har yau ina kewar garin nan.

Sun taɓa yin wani mawaƙi, Otmar, wanda da waƙoƙinsa iyaye mata suke rarrashin yara. Bayan rasuwarsa sai aka tono wata tsohuwar ƙasida marar sunan marubuci, mai cike da zagin Yahudawa. Aka ce salonsa ne. Kun san mutane, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma su ko tsayawa duba cibin ba su yi ba. Aka kwashe littattafansa aka zubar, aka rufe gidansa.

'Yarsa Hedwig ta haddace waƙoƙin kaf. Ana tsokanarta, ana juya mata baya a kasuwa, ba ta bar baiti ɗaya ya ɓace ba. Ba don ita ba, da ko an wanke shi babu abin da za a rera.

Ɗalibinsa Florian ya bar aikinsa ya bi gari gari, har ya samo ƙanen Otmar a gadon asibiti. A gaban shaidu tsohon ya ce shi ya rubuta ƙasidar, ya ari salon yayansa. Sai gari ya rabu, wasu suka ce ɗan'uwa ne yake rufa wa ɗan'uwa asiri.

Sannan Rahel ta zo, tsohuwa Bayahudiya, wadda aka kori mutanen gidansu tana yarinya, a zamanin da ake kashe Yahudawa a ƙasar, ita kaɗai ta tsira. Ta ce, "Ban san wanda ya rubuta ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai san ranar da aka fitar da mu kowa ya rufe taga, Otmar ne ya fito ya goya ni har tasha." Ta rera waƙar da ya yi mata a hanya. Ina wurin, na yi kuka ba kunya.

Daga nan gari ya mayar da waƙoƙin Otmar cikin makarantu. Aka buɗe gidan, amma makulli ɗaya ne, mutum ɗaya za a damƙa wa.

To, mai hadda, da mai yawon bincike, da wadda aka zalunta ta zo ta yi shaida, wa za ku ba makullin?