Zara, Wata da Akuyar Jatau

Jatau mai gyaran rediyo ya faɗa a kasuwa cewa tauraruwa Zara ta fi wata girma. Hakimi ya sa aka kawo shi.

"Ido ne alƙali," in ji hakimi. "Wata kamar faifai, Zara kamar ƙwayar gero. Tabbatar da maganarka daga nan ƙasa, ko ka bar garin nan."

Jatau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, jiya ina ɗaure akuyata na hango ka can bakin rafi, ko kunnenta ba ka kai ba. Wa ya fi girma?"

Hakimi ya gyara rawani. "Ai nisa ne."

"To, Zara ma nesa take."

"Tashi ka tafi. Kuma kada ka sake kallona daga nesa."