Manomin da ya ari jinin ƙanensa

An yi wani manomi mai ji da ƙarfinsa, aka yi masa aikin kaba a asibiti. Ɗinki ya kama, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Sai likita ya zo ya ce, "Baba, jinin da muka auna ya nuna zuciyarka ta ji rauni wajen aikin. Masu irin wannan sukan faɗi ba zato. Ka kwanta, gobe mu sake aunawa."

Kan manomi ya ɗaure. A ciki aka yanka shi, a hannu aka ɗibi jini, ga shi ana zancen zuciya. Ya dafa ƙirji, bai ji komai ba. Kuma ya riga ya aika gida cewa ran Lahadi zai yi rawar godiya a gaban ikilisiya.

Washegari ƙanensa mai jinyarsa ya miƙe a gadon yana hutawa, shi kuwa yana bisa kujera. Wata sabuwar ma'aikaciya ta shigo da allura, ta ce, "Wane ne mara lafiyan?"

Manomi ya nuna gado.

Ƙanen ya ce, "Yaya, ai ni..."

"Miƙa hannu. Ba nono ɗaya muka sha ba?"

Awo ya fito lafiya lau. Likita ya yi ta juya kai, ya sallame shi. Manomin kansa ya gaskata, har yana cewa, "Ka gani? Na warke."

Ran Lahadi ganga ta ɗauka, ya taka, ya juya, ya yanke jiki ya faɗi. A hanyar asibiti yana ta tambayar ƙanensa, "To ba an ce jinin lafiya ba?" Bai kai ƙofar asibitin ba.

Ga ma'anar misalin, ko da yake na san wasunku za su ce Malam mai wa'azi ya fara halin nasa, bayan duk gundumar nan ba mai fayyace misali kamata. Aikin nan shi ne wahalar da ka sha ka wuce. Ta kan bar rauni a zuci: ƙulli, gaba, daina addu'a, ba tare da zafi ba. Awon shi ne Maganar Allah. In ta iso layinku, kai sai ka nuna mata gadon maƙwabci, ka ce, "Matata mai addu'a ce, babana dattijon ikilisiya ne." Nasu lafiya lau. Miƙo naka hannun.